Ɗan Takara a Ƙofar Makaranta: Musayar Baitoci

Malama Mai Alli

Salamu alaikum. Zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, 'yan takara sun tuna hanyar makarantarmu. Ga nawa. Amsa-amon "ta" ne, wanda ya karya shi sai ya sake.

Jiya ya iso da ayarin motoci,
Ya ce babban burinsa makaranta.

Ya shafa kan wani yaro a ƙofa,
Mai ɗaukar hoto ya ce ya maimaita.

Katangar da ke duban titi ta sha fenti,
Ta baya na tsagewa, ita an manta.

Ajina yara sun fi ƙarfin benci,
Littafi kan gwiwa, a haka za su rubuta.

Ban ji ya kira ko guda cikinsu
Ya ba shi layi ɗaya ya karanta.

Mai Neman Kujera

Malama, ba ni ne na zo muku ba, amma ni ma takarar nake. Bari in tare wa abokan sana'a.

Ranki ya daɗe, na ji zancenki,
Gaskiya ce, wane ni in musanta.

Sai dai asusun ƙaramar hukuma
Rijiya ce, masu guga sun fi ruwanta.

Albashi ya ɗiba, shara ta ɗiba,
Hanya da asibiti, kowa da buƙata.

Wa'adinmu gajere, karatu dogo,
Kafin ya yi 'ya'ya an ce mu je mu huta.

In na buɗe sabon gini ku yi tafi,
In na horar da malami, wa zai ambata?

Kawu Mai Rediyo

Ɗana, uzurinka na ji shi sarai,
Amma akwai garin da zai ƙaryata.

Sobral sunansa, can ƙasar Brazil,
Jihar Ceará, yankin da ya talauta.

Suka raba siyasa da naɗin hedimasta,
Kujera sai wanda ya cancanta.

Suka sa ido kan 'yan ƙananan aji,
Ɗaya-ɗaya a ji bakinsu a karanta.

A 2017 da aka auna ƙasar,
Cikin hukumomi 5,570 babu kamarta.

Kafin ku tafa wa kowa, ku fara tambayarsa abin da ke hannunsa, don ikon ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa hukumar gari ce mai ginin firamare, gwamnatin ƙasa ke biyan malamai. A Amurka harajin gidaje da filaye ke ɗauke da babban kaso na kuɗin makaranta. A Najeriya kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi 774 cikin ɗawainiyar firamare tare da jihohi. Wanda ya yi muku alkawarin jami'a daga kujerar kansila, ku ba shi ruwa ya sha, rana ce ta buge shi.

Autan Layi

Iyayena, ku ɗan matsa wa yaro. Kun yi ta makaranta, kun bar mu da aka tasa ƙarfe biyu ba mu da wurin zuwa.

In ɗan takara ya ce "matasa",
Gasar ƙwallo ce, kofi da riga kyauta.

Rigar da hotonsa gaba da baya,
Ran da aka rantsar da shi, gasa ta ɓata.

Ya san mu sarai ranar gangami,
Mu riƙe kwali, mu yi ihu, mu tallata.

Ni dai ɗaki nake so mai fitila,
Da fili ɗaya wanda ba a yanka wa fulotai,

Kash, na karya. Malama a yi haƙuri, ga gyara:

Ni dai ɗaki nake so mai fitila,
Da mai horarwa da ake biya duk wata.

A buɗe shi da yamma, rani da damina,
Ko an yi zaɓe, ko guguwar ta lafa ta huta.

Kawu, ba kai kaɗai ke jin rediyo ba. A Iceland, birnin Reykjavik na ba kowane yaro katin kuɗin shiga ƙungiyar wasa ko koyon kiɗa, ga dokar hana yara yawon dare, ga jawo iyaye a jiki. 'Yan shekara 15 zuwa 16 da suka ce sun bugu da giya cikin watan da ya wuce sun sauko daga kashi 42 cikin ɗari a 1998 zuwa kashi 5 a 2016. A Ingila kuwa, da aka matse kuɗin hukumomi bayan 2010, kuɗin da ake ware wa ayyukan matasa ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari a shekara goma. Mu ne na farkon shan wuƙa, tunda da yawanmu ba su kai shekarun ƙuri'a ba.

Mai Neman Kujera

Auta, ka taɓa ni inda ke ciwo,
Rigar nan ni ma jiya na sa a buga ta.

Ba zan ce zan mai da ku Sobral ba,
Yawan alkawari shi ke kunyata.

Abu ɗaya dai, takardar kasafin ilimi
Zan manna a ƙofa, kowa ya duba ta.

Kawu Mai Rediyo

Manna ta, ɗana, amma layi biyu:
Abin da aka ware, da abin da ya fita.

Malama Mai Alli

To Honarabul, tunda ka sauko,
Litinin da safe ina da gayyata.

Ka bar mai hoto da jiniya a gida,
Ƙarfe takwas ka shigo ta ƙofar bayanta.

Akwai wata yarinya a layin ƙarshe,
Aji uku, har yau ba ta rubuta sunanta.

Zan ba ka alli da ƙaramin allo,
Kujera babu, sai ka tsuguna kamarta.

Mai Neman Kujera

Malama, takwas ɗin daidai, ko da rabi? Ina da ɗan taro.

Malama Mai Alli

Takwas.