Neman kalmar Hausa: me za mu kira "cadre photo en fer forgé"?

Mai buɗe zance, malamin Hausa a Damagaram:

Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa. Wani maƙeri da ke aiki kusa da kasuwar Dole yana son a rubuta masa allon shagonsa da Hausa, kuma daga cikin abubuwan da yake ƙerawa akwai wanda masu saye ke kira da Faransanci cadre photo en fer forgé, wato abin nan mai kusurwa huɗu na baƙin ƙarfe da ake sa hoto a ciki a rataya a bango, wanda ake ƙawatawa da naɗe-naɗe da ganyayyaki. Tun da dokar ƙasar Nijar ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, bai dace allunan shagunanmu su ci gaba da zama rabi Hausa rabi Faransanci ba. Matsalar kashi biyu ce: sunan abin da ke riƙe hoton, da kuma sunan irin aikin ƙarfen da aka yi shi da shi. A bakin mutane ana jin "kadir", amma ban so a rubuta ta ba, domin a Faransanci kalmar ta haɗa abin hoto da ƙashin keke da na ƙofa har da babban ma'aikacin gwamnati, sannan a rubuce tana kusa da kalmarmu ta "kadara" wadda ke nufin dukiya. Ina neman shawararku.

Wani mai karatu daga Kano:

Wa'alaikumus salam, Malam. Mu a nan "firam" muke cewa, kuma kalmar ta zauna, har masu aikin taga da ƙofa ita suke amfani da ita. Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro ba, tun daga allo da alƙalami da muka samo daga Larabci, saboda haka a ganina a rubuta firam a huta.

Mai buɗe zance:

Na gode, ɗan'uwa. Ba na ƙin aro, amma allon shago an yi shi ne domin mai wucewa, kuma mai wucewa a unguwar Birni ko Zango a nan Damagaram wanda bai saba shiga Kano ko Daura ba, ba lalle ne firam ta nuna masa komai ba, kamar yadda kadir ba za ta nuna wa Bakano komai ba. Idan muka samu kalmar da ke aiki a ɓangarorin iyaka biyu, ta fi waɗannan biyun amfani.

Wani ɗalibin jami'a:

Allah ya gafarta Malam, tun da abin kewaye hoton yake yi, me zai hana mu ce "makewayin hoto"? Tsarin ma- da -i yana ba mu sunan kayan aiki, kamar mabuɗi da maratayi.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi:

Ƙanena, ginin kalmarka daidai ne a nahawu, sai dai makewayi ya riga ya zama sunan banɗaki, kuma babu mai son a ce an sa hoton mahaifinsa a makewayi. Wannan illar ta shafi "kewaye" ma. Na yi tunanin "bangon hoto" saboda bangon littafi, sai na ga cewa abin a jikin bango ake rataya shi, kuma jimla irin "rataya bangon hoto a bango" za ta ruɗa yara. "Zobe" kuwa da'ira yake kawowa a zuciya. Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne "gidan hoto", bisa tsarin gidan ashana da gidan sauro da sauransu, inda gida ke nufin abin da aka yi domin wani abu ya shiga ko a shiga cikinsa.

Ɗalibin jami'a:

Na karɓi gyara, Malama. Amma shin gidan hoto ba zai sa a ɗauka wurin ɗaukar hoto ake nufi ba, kamar gidan rediyo da gidan waya?

Ɗan gidan maƙera, wanda ya gaji sana'ar:

Malamai, ku ba ni dama in faɗi yadda ake yin abin, domin ina ganin aikin da kansa zai raba gardamar. Idan aka kawo hoto mai faɗin santimita 30 da tsawon 40, ba a fara da wuta. Ana fara zana shi da alli a kan daɓen siminti daidai girmansa, a ƙara milimita 2 ko 3 a kowane ɓangare, saboda ƙarfe ba ya sassautawa kamar katako, kuma gilashin da aka cusa a matse zai iya tsagewa. Daga nan a yanka sandunan ƙarfe huɗu, a karkace bakin kowanne a kan digiri 45 domin kusurwoyi su haɗu, sannan a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta sau biyu. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, to abin ya karkace ko da ido bai gani ba. A bayan waɗannan sanduna ake haɗa wani siririn ƙarfe da ya ja baya kaɗan, ya bar wani lungu da gilashi zai zauna, hoto ya biyo, sannan allon baya ya rufe, a danne da ƴan ƙarafa masu juyawa. Wannan lungun shi Faransawa ke kira feuillure, mu kuma a wurin aiki "gurbi" muke cewa. Abin da ba shi da gurbi ado ne kawai aka zagaya wa hoto, ba zai riƙe shi ba. To abin da ke da gurbi da murfi a baya da gilashi a gaba, wanda hoto ke shiga a rufe shi daga ƙura da danshin damina, ni ban ga sunan da ya fi gida cancanta da shi ba.

Adon kuwa shi ne aikin wuta na gaske. Ana auna tsawon kowane naɗi da zare a bisa zanen alli, a yanka sandunan daidai da juna, in ba haka ba na dama da na hagu ba za su yi kama ba. A sa bakin sandar a gawayi, yaro yana zuga, har ta tashi daga ja ta koma ruwan lemo mai haske. Idan ta yi fari ta fara tartsatsi, ƙarfen ya fara ƙonewa ke nan. A ɗauko da awartaki, a sirantar da bakin da masaba, a lanƙwasa shi a gefen uwar maƙera, sannan a riƙa naɗewa kaɗan-kaɗan ana mayarwa wuta duk lokacin da jan ya dushe. Sanda mai kusurwa huɗu kuma ana dumama ta bai ɗaya, a danne gefe guda, a murɗa ɗayan ana ƙidaya juyi. Inda naɗi biyu suka haɗu, tsofaffi ba sa liƙewa da walda, wadda mu a nan muke cewa sudir: ƴar ɗamara ta ƙarfe ake naɗawa da zafinta, idan ta huce sai ta tsuke ta kama su gam. A ƙarshe a kankare ɓawon wuta da burushin waya, a goge da magagari inda ya yi kaifi, a shafa kakin zuma tun ƙarfen yana da ɗumi domin tsatsa. Ku kuma sani cewa sanda mai faɗin milimita 25 da kaurin 5 tana kusan kilo ɗaya a kowace mita, saboda haka gidan hoto mai wannan girma, da adonsa da gilashinsa, yana wuce kilo biyu, kuma ƙaramar ƙusa a bangon ƙasa ba za ta ɗauke shi ba.

Wani injiniya mazaunin Yamai:

Madalla da wannan bayani. Ina so in ƙara wani abu game da kashi na biyu, domin fer forgé tana da ma'ana biyu da suka cakuɗe. A da, suna ne na wani irin ƙarfe mai ƙarancin sinadarin kabon ƙwarai, wanda ke da zaren kashin maƙera a cikinsa, shi ya sa yake lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. Henry Cort ya yi rajistar hanyar tace shi da yawa a Ingila a 1784, kuma da irinsa aka gina hasumiyar Eiffel a Paris a 1889. Bayan hanyar Bessemer ta 1856 ta sa ƙarfen sitil ya yi arha, sai wancan ya riƙa ja baya har aka daina yin sa a manyan masana'antu. Abin da maƙeranmu ke bugawa yau sitil ne mai taushi, ko sabo ko wanda aka tsinto daga tsofaffin motoci da ragowar gini. Ke nan a yau kalmar aikin take nunawa, wato an dumama an buga da hannu, kuma fassararmu ya kamata ta bi aikin. Dole kuma ta bambanta shi da ƙarfen zubi, wanda ake narkarwa a zuba a kwarmi, mai kabon wajen kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, wanda idan ya faɗi yana iya fashewa.

Malamar makaranta:

Idan haka ne, ai muna da tsohuwar kalma. An daɗe da raba maƙera gida biyu, maƙeran baƙi masu fartanya da gatari da wuƙa, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla. Sai mu ce "ƙirar baƙi".

Mai buɗe zance:

Malama, a baki wannan kalma ba ta da aibu, kuma ita na fara so, amma rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka wanda ya karanta "ƙirar baƙi" a allo zai iya ɗauka cewa baƙi ne suka ƙera, wato kayan waje, alhali maƙerin yana son ya nuna aikin hannunsa ne. "Ƙerarren ƙarfe" daidai ne a nahawu, sai dai ƙera ta faɗaɗa yanzu, ana cewa an ƙera mota da jirgi, ana cewa ƙirar Japan, don haka ba ta ƙara nuna wuta da masaba ita kaɗai. "Bugaggen ƙarfe" ya zo kusa da ma'anar, amma matasa sun ba bugagge wata ma'ana da ba za mu so a allo ba. Abin da ya rage mini shi ne "ƙirar maƙera". Kalmar tana nuna masu sana'ar da kuma wurin sana'ar a lokaci guda, ta fitar da aikin zubi da na inji da na sudir zalla, kuma a garin da aka ƙera bindigogi da igwa tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, babu wanda zai tambayi abin da take nufi.

Game da tambayar ɗalibinmu, wadda tambaya ce mai nauyi, amsata ita ce mutane ba su saba kiran wurin ɗaukar hoto da gidan hoto ba. Shagon mai hoto suke cewa, ko sitidiyo. Ko da wani ya yi shakka, aikatau zai warware masa, domin ana rataya gidan hoto, ana sa hoto a cikinsa, ana goge gilashinsa, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi wa shago. Saboda haka abin da zan ba maƙerin ya rubuta shi ne: "Ana ƙera gidajen hoto na baƙin ƙarfe, ƙirar maƙera." Ga sassansa kuma mu riƙe kalmomin da masu aikin suka ba mu, wato gurbi da allon baya da naɗi da ɗamara da maratayi. Wannan shawara ta tsaya ga abin hoto da na madubi kaɗai. Ƙashin keke da abin da ake kafa ƙyaure a jikinsa suna buƙatar nasu zaman daban.

Mai karatu daga Kano:

Na yarda da ƙirar maƙera ba tare da ja ba. Firam kuwa ba na jin za ta bar bakin Kanawa nan kusa, amma idan na ga gidan hoto a rubuce zan gane, kuma wannan ya isa a allo.

Ɗan gidan maƙera:

Malam, saura abu ɗaya da ba a sa wa suna ba, wato sandar da aka murɗa. Na karanta wa Baba zancen nan, ya ce shi "tufka" yake kiranta, domin idan ta huce kamannin igiya take yi, kuma yana son a ƙara ta a jerin. Ya kuma ce a gaya wa mai allon kada ya rubuta ƙirar maƙera a kan wanda aka lanƙwasa da sanyi aka liƙe da sudir, domin mai saye da ya san aiki yana juya bayan abin ya duba mahaɗin kafin ya biya.