Daga ina kalmar "albam" ta shigo harkar waƙa?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana harshe. Matasan mawaƙanmu a nan Garwa, idan suka tara waƙoƙi suka fitar da su tare, sai su ce sun saki albam, alhali da wannan sunan muka san littafin da ake adana hotunan biki. Mene ne ya haɗa waƙa da littafin hotuna? Kuma kalmar ta Ingilishi ce ko ta Faransanci, tunda a duka biyun ina jin ta?

Malamin makaranta daga Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka harsunan biyu aro suka yi daga Latin, inda "albus" ke nufin fari. A tsohuwar Roma, "album" farin allo ne da mahukunta ke rubuta sanarwa a kansa domin jama'a su karanta, daga baya sunan ya koma kan littafi mai fararen shafuka da ake tara sa hannun abokai ko hotuna a ciki. Garmaho ne ya kawo ta wajen mawaƙa. Faifan farko, mai zagaye 78 a minti, ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci a kowace fuska, saboda haka dogon kiɗa sai an raba shi a faifai da yawa, a jera su cikin wani littafi mai aljihuna wanda ya yi kama da na hotuna. Da kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango a 1948, guda ɗaya ya wadatar, littafin ya kau, amma sunan ya zauna.

Dattijo daga Ngawundere:
Allah ya ƙara sani, Malam. Ni abin da ke damuna shi ne muna da "kundi", wato tarin takardun da malami ke adanawa cikin gafaka, kuma "kundin waƙoƙi" ya fi albam faɗin abin da ake nufi. Magabatanmu ma da garmaho ya zo ba su ari sunan abin da ake ɗora masa ya yi kiɗa ba. Sun dubi siffar abin, suka ga ta faifan rufe ƙwarya ce, suka ce faifai.

Ɗan Garwa:
Na gode, Malam. Baba, na karɓi shawararka, kuma kundi zan riƙa rubutawa daga yau, ko da yake a kasuwa albam za a ci gaba da tambaya.