Neman kalmar Hausa: abin da ke saura a bakin sandar roba bayan yanka

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina fassara darasi ga ɗaliban makarantar koyon sana'a kan yanka siraran sandunan robar da ake ƙera kayan inji da ita, irin su nailan da Delrin, kuma ranar Litinin zan miƙa shi. Kalmar Turancin nan burr ce ta hana ruwa gudu, wato ɗan abin nan da ke maƙalewa a bakin sanda bayan zarto ya wuce.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ni geza nake ce wa yaran shagona, domin duk wanda ya taɓa yanka nailan ya ga yadda yake fitar da zare-zare a gefe kamar gezar doki. Roba ba ta kwashe zafi yadda ƙarfe yake yi, saboda haka idan zarto ya dakushe ko aka yi gaggawa, zafin yakan taru a wurin har bakin ya narke, ga shi kuwa Delrin yana narkewa a wajen digiri 175 na ma'aunin Salshiyas. A samu zarto mai haƙora 24 zuwa 32 a kowane inci, a huda katako daidai kaurin sandar, a zura ta ciki don kada ta yi rawa, sannan a yanka a hankali.

Malamin Hausa: Ranka ya daɗe, geza ta doki ce. Muna da sartse tun kaka da kakanni, me ya kai mu aro daga barga? Ita kanta robar nan ban yarda da ita ba, tayar mota roba, bokiti roba, yanzu kuma kayan inji roba, sai ka ce harshenmu ya talauce.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, sartse shi ne abin da ya ɓalle ya soki hannu, kuma ya fi dacewa da akirilik, wani nau'in roba mai kama da gilashi, wanda yake tsagewa idan aka matsa masa. Na nailan ba ya suka, yana nan manne, sai an bi shi da reza ko a goge da magagari.

Wata malama: Ɗaliban da za su karanta darasin roba suke cewa a kasuwa, kuma ba mu da hurumin sauya musu baki kafin Litinin. Ina ganin kaushi ma zai yi.

Malamin Hausa: Kaushi na faɗin jiki ne, bai nuna baki ba. Idan dole ne, a rubuta gezar yanka, kada a bar ta tsirara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan sa gezar yanka a farkon ambato tare da bayani, sartse kuma in ajiye shi ga akirilik.

Malamin Hausa: To, amma maganar roba tana nan ba mu gama ba.