Musayar baiti kan Kyaftin Dyett, malamin kiɗa na Shikago

Baba Mai Alli:

Assalamu alaikum, masu alƙalami. Wanda za mu yi wa baiti makon nan shi ne Walter Dyett, baƙar fatar Amurka, malamin kiɗa a makarantun gwamnati na kudancin Shikago. An haife shi a 1901, ya rasu a 1969. Ya fara koyarwa a sakandaren Wendell Phillips a 1931, ya koma ta DuSable a 1935, ya shafe kusan shekara 30 a bakin aikin. Kyaftin ake ce masa don ya jagoranci badujalar wata rundunar sojan jihar Illinois. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "ba". Wanda ya karya, tararsa baiti biyu.

Bismillahi na fara, 'yan'uwa ku matso,
Batun malami ne, ba na mai sarauta ba.

Kudancin Shikago, unguwar baƙaƙe,
Sun baro gonakin auduga, ba su koma ba.

Uba na mayanka, uwa na wankau,
Kuɗin sayen ƙaho bai taɓa taruwa ba.

Hukuma ta ba shi aji cike da yara,
Kayan busa kuwa ba ta wadata ba.

Sai ya shirya wasan Hi-Jinks duk shekara,
Iyaye su yanki tikiti su zo su duba.

Kuɗin ƙofa ya koma ganga da ƙaho,
Yaran unguwa su ne suka ci riba.

Mawaƙi Nat King Cole ya zauna gabansa yana yaro,
Mawaƙiya Dinah Washington ma ba ta tsallake ba.

An ƙiyasta ɗalibansa sun kai dubu 20,
Wa ya isa ya ce mutumin bai yi ba?

'Yar Damagaram:

Baba, barka da yamma, na ji baitinka,
Sai dai yabon nan naka bai cika ba.

Ka rufe mana zancen zafin ran Kyaftin,
Tsofaffin ɗalibansa ba su rufe ba.

Ka yi kuskure ɗaya, tsawa ta sauko,
Mai wasa a ajinsa bai daɗe ba.

Johnny Griffin ya zo da son saksofon,
Aka miƙa masa kilarinet, bai zaɓa ba.

Kun jero sunayen waɗanda suka shahara,
Wanda ya aje ƙaho ya gudu ba ku ƙirga ba.

Ni ma alli nake ci, na san halin yara,
Wanda ka tsorata shiru zai yi, bai gane ba.

Autan Zaure:

Yaya, a yi haƙuri in tsoma baki,
Griffin ɗin da kika kawo shaidarmu ce.

Ya gama makaranta a 1945,
Bayan kwana 3 ya shiga ƙungiyar kiɗa ta Lionel Hampton.

Baba Mai Alli:

Auta, ina ka jefar da "ba"? Hujjarka ta yi kyau, amma doka doka ce. Biya tara.

Autan Zaure:

Na tuba, Baba, ga tararku na kawo,
Doki ne ya ɗebe ni, ban lura ba.

Yaron da babbar ƙungiya ta ɗauka nan take,
Ai ba za a ce bai sha karatu ba.

Alhaji Mai Bigila:

Ni tsohon ɗan badujala ne, ku ba ni wuri, zan ɗan daɗe.

'Yata ta Damagaram, kin faɗi gaskiya,
Amma akwai gefen da ba ki leƙa ba.

Badujala ba kamar darasin lissafi ba ce,
Da kowa zai ci makinsa shi kaɗai ya yi gaba.

Mutum 50 na busa, ɗaya ya kauce,
To duka 50 ɗin ba su yi daidai ba.

Abin da ake faɗa kan Kyaftin, kunne ne,
Busa ɗaya ta karkace, ba za ta wuce shi ba.

Ya tsai da kowa, ya nuna mai laifin,
Ko yana layin baya bai tsira ba.

Na san leɓe ya tsage da sanyin hunturu,
Ka lashe jinin, ka mai da bigila ka ci gaba.

Na san ka karkata ƙaho bayan atisaye,
Yawun da ya taru a ciki ya zuba.

Wanda bai iya karanta rubutun kiɗa ba,
Ranar neman aiki ba za a kira shi ba.

Shi ya sa ya matsa musu kan karatun,
Ya san duniyar da ke jiransu ba ta da sauƙi, haba!

Zamanin da baƙin mutum bai shiga ko'ina ba,
Sai ya ninka iyawa kafin a duba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi,
Wannan karin maganar bai tsufa ba.

Na taɓa zama ƙarƙashin wani mai tsawa,
Ya iya zagi, kunnensa bai buɗe ba.

Ya daka wa na dama, alhali na hagu ne,
Wannan kam ba horo ba ne, azaba.

'Yar Damagaram:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, na karɓa,
Zancen kunnen nan ban musa ba.

Amma ka ce tanƙwarawa, na ji,
Ai ba ka ce a karya iccen ba.

Ni abin da ya burge ni a tarihinsa,
Richard Davis ne, ba ku ambata ba.

Mai babban gogen nan da ake kaɗawa a tsaye,
Ya fito DuSable, bai manta malaminsa ba.

A 1977 ya shiga jami'ar Wisconsin,
Ya koyar shekaru, bai gaji ba.

A 1993 ya kafa gidauniya don yara,
Masu son gogen, waɗanda ba su da uba a gaba.

Hajiya Uwar Marayu:

Ku bar ni in ƙara wanda ya faru bayansa,
Ba ku kai ƙarshen labarin ba.

Akwai sakandare mai sunansa a Shikago,
Hukuma ta ce a rufe, ba ta cika ba.

A Agustan 2015 mutum 12 suka zauna,
Iyaye da kakanni, ba su ci abinci ba.

Kwana 34 suna kan ruwa da romo,
Wasu sai asibiti, ba su janye ba.

A 2016 aka sake buɗe ƙofar,
Makarantar fasaha, sunan bai sauya ba.

Baba Mai Alli:

Madalla, Hajiya. Ina ga mun kai inda za mu tsaya, sai mako mai zuwa.

'Yar Damagaram:

Tsaya, Baba, kar ka naɗe tabarma,
Tambayata ɗaya ba ku amsa ba.

Yaron da tsawa ta kora daga ajin Kyaftin,
Laifin wa ne? Auta, kai ma ban ƙyale ka ba.

Autan Zaure:

Yaya, cajin wayata ya kusa ƙarewa,
Gobe zan amsa, ban gudu ba.