Ƙauyukan kan dutse na kudancin Faransa, wanda ba ya shan giya zai ji daɗinsu kuwa?

Dan_Maradi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Lyon, hutun watan Yuli nake so in gangara kudu in ga ƙauyukan nan na kan dutse, su Gordes da Roussillon, amma duk inda na duba maganar gonar inabi da ɗanɗanon giya kawai ake yi, ni kuwa ba na sha. Akwai abin da zai sa mutum ya kashe 'yan kuɗinsa ya je? Kuma ba ni da mota fa.

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Je ka abinka, ba wanda zai ɗura maka. Mu da maigida mun yi kwana uku a can ko ƙofar gidan giya ba mu taka ba kuma lokacin ma bai ishe mu ba. Gordes tun daga nesa za ka hango shi, gidaje na farin dutse sun hau kan juna har saman tsauni, amma ni Roussillon ce ta fi burge ni wallahi, ƙasar wurin ja ce jawur har da ruwan ɗorawa, da ita suka shafe gidajensu, ina shiga sai na tuna Agadas. Akwai hanyar da ake biya a zaga cikin tsohon ramin da suke haƙar ƙasar, kar ka kuskura ka sa farin takalmi, nawa har yau bai koma daidai ba.
Ƙasan Gordes cikin kwari akwai Sénanque, gidan 'yan zuhudun Kirista ne tun 1148 kuma har yanzu suna ciki, nan ne gonar labanda, furen nan mai launin shunayya da ƙamshi, da kake gani a hotuna. Farkon Yuli za ka je, in ka yi jinkiri sai ka tarar an yanke.

Injiniya_Sani:
Maganar mota ita ce matsalar gaskiya. Jirgin ƙasa mai gudu, wato TGV, daga Lyon zuwa Avignon wajen awa ɗaya ne, tashar tana bayan gari sai ka hau ƙaramin jirgi ya shigar da kai cikin 'yan mintuna. Daga nan fa sai haƙuri, jirgi ba ya hawa ƙauyukan, bas kuma jefi-jefi, ranar Lahadi abin ya fi muni. Ku haɗu ku huɗu ku yi hayar mota kawai ku raba kuɗin.
Avignon kanta kar ka raina ta. Fafaroma bakwai suka zauna a garin daga 1309 zuwa 1377, fadarsu na nan ƙatuwa, ga ganuwa ta kewaye gari, ga gadar nan da ta tsaya a tsakiyar kogin Rhône ba ta kai ɗaya gaɓar ba. Ƙauyen Châteauneuf-du-Pape na kusa da Avignon da kowa ya sani da giya ma akwai kangon gidan Fafaroma a samansa, Jamusawa suka rusa wani sashe a 1944, ka hau ka kalli kwari kyauta.

Abu_Zinder:
Ni dai Hajiya ki yi haƙuri, Gordes a Yuli ba ta yi min ba, cunkoso da rana, ruwan gora ma tsada kamar me. Bonnieux ta fi kwanciyar hankali. Kuma a watan ne ake bikin wasan kwaikwayo na Avignon, masauki sai wane da wane, gara ka kwana Cavaillon ko Apt. A can za ka samu mahautan Larabawa masu naman halal, ka yi guzuri don a saman dutse sai dai burodi da cuku da kankana. Ka tambaya kafin ka ci miyar nama, wata da giya ake dafa ta.

Maman_Hanifa:
Malam Abu ai da rana tsaka ka je shi ya sa. Ƙarfe takwas na safe garin naka ne kai kaɗai, sannan magariba sai bayan tara, yini ne mai tsawo.

Dan_Maradi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To wa ke Lyon ko Marseille mai lasin tuƙi? Mu biyu ne yanzu, saura biyu.