Ina da sikila, littafina ya tsaya a tsakiya, masu karatuna suna watsewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Ni marubuciya ce, ina sakin labarai a WhatsApp da Wattpad (dandalin rubuta labarai da karanta su a intanet), wasu kyauta wasu na kuɗi. Kuma ina da sikila, SS ce ni. A da jikin yana ɗaga mini ƙafa, sai in daɗe ciwo bai tashi ba, amma tun hunturun da ya wuce abin ya matsa. In ya tashi a ƙashin hannu da baya yake kama ni, ko waya ba na iya riƙewa balle in buga rubutu. Wani zubin sai an ba ni gado.

Littafin da nake kai yanzu na kuɗi ne. Mutane sun biya tun daga farko, a kan kullum zan saki shafi guda, ga shi ya tsaya a tsakiya. In na ɗan ji sauƙi na kunna data sai in tarar da saƙonni birjik, wasu addu'a suke mini, wasu cewa suke na ci kuɗinsu na gudu. Ban taɓa faɗa musu abin da ke damuna ba, "uzuri" kawai nake cewa. Guruf ɗin kyauta kuwa kullum sai na ga an fita. Ga kuma wani abin da ke ci mini rai: in na rubuta sunan tsohon littafina a Google, shafukan wasu ne ke fitowa, sun kwashe labarin kaf sun cire sunana, duk mai nema can yake ƙarewa.

In faɗa musu gaskiyar lalurata ko in yi shiru? In mayar da kuɗin mutane? Kuma yaya zan yi kar a manta da ni in na kwanta? Da rubutun nan nake sayen magani, kuma shi ke ɗebe mini kewa ranar da ba na iya fita ko ƙofar gida.

Wata 'yar'uwa daga Gusau:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa kaffara ce. Ni dai addu'a ce tawa, masana za su zo.

Ma'aikaciyar jinya daga Zariya:
Ƙanwata sannu da jiki. Zan fara da abin da ba ki tambaya ba, domin a ganina shi ne tushen sauran. Alƙawarin shafi ɗaya kullum ya fi ƙarfin jikinki, kuma ina zargin yana cikin abin da ke tayar miki da ciwon. Na san yawancinku da dare kuke rubutu, in gida ya yi tsit. To ki duba abubuwan da aka sani suna tayar da ciwon sikila: ƙarancin ruwa a jiki, sanyi, zazzaɓin cizon sauro, gajiya, rashin barci da damuwa. Mai zama har ƙarfe biyun dare cikin hunturu tana buga rubutu, ta manta da shan ruwa, zuciyarta na kan masu jiran shafi, ta tara kusan dukkansu a zama guda. Jajayen ƙwayoyin jininki kwana 10 zuwa 20 suke yi su mutu, na wanda ba shi da lalurar kuwa kusan kwana 120. Shi ya sa gajiyar da kike ji ba lalaci ba ce, kar ki bari kowa ya sa ki ɗauke ta haka.

Tunda kin ce ciwon ya ƙara yawa, ki koma wurin likitan jini ki faɗa masa yadda yake zuwa yanzu. Ki tambaye shi batun hydroxyurea, magani ne da ke rage yawan tashin ciwon ga mutane da dama, amma ba a saye a kemis a fara sha da ka, sai likita ya rubuta yana kuma bin jinin da gwaji. Folic acid da rigakafin maleriya da aka ɗora ki a kai kar su yanke. Ki riƙa zuwa ana duba miki ido ma, sikila tana taɓa shi, ke kuma idon ne jarinki. In zazzaɓi ya zo, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya fara yi miki wuya, ki ajiye wayar nan a tafi asibiti a lokacin, ko da saura layi biyu shafin ya kammala.

Mai karatu daga Maraɗi:
Anti, ni ba marubuciya ba ce, cikin masu biya su karanta nake, bari in faɗa miki abin da ke ranmu. Jira ba ya ba mu haushi kamar shiru. An sha karɓar kuɗinmu a bar labari a rataye, shi ya sa da mun ji shiru zuciya take raya mana an sake. Da za ki ce mana "ba ni da lafiya, ina kwance, zan dawo in Allah ya yarda", wallahi mafi yawanmu addu'a za mu bi ki da ita. Kalmar "uzuri" ce ta yi araha, kowa ita yake faɗa.

Wata uwa daga Kano:
Ni ban goyi bayan ta bayyana ba. 'Yata tana da wannan lalura, na san irin maganganun da ake yi. Gobe wani ya zo neman aurenki, wata ta ɗauko hoton saƙonki ta kai gidansu tun kafin ke ki yi masa bayani da bakinki. Wasu kuma su ce neman taimako kike. Ki ce ba ki da lafiya, ya wadatar. Sunan ciwo naki ne da danginki da likitanki.

Ma'aikaciyar jinya daga Zariya:
Hajiya, maganarki tana kan hanya, kuma zaɓin nata ne. Abu ɗaya zan ƙara: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Cikin masu karatunta ba za a rasa mai ita ko mai jinyar mai ita ba. Duk ranar da ta ga dama ta faɗa, ba za ta rasa masu fahimta ba. In ba ta shirya ba, "ina da lalurar da ke kwantar da ni lokaci zuwa lokaci" ta isa, kuma gaskiya ce.

Tsohuwar marubuciya:
'Yata, mu da muka fara tun ana buga littafi a takarda a kai kasuwar Sabon Gari, sai mu fitar da na ɗaya, mai karatu ya yi watanni yana leƙa shago kafin na biyu ya fito, kuma ya dawo ya saya. Labarin ne ya riƙe shi. Wannan sakin kullum da ya zo da waya ya sa marubuta da yawa suna rubutu a guje, masu lafiyar ma yana kayar da su.

Shawarata kan kuɗi, ki fito fili ki ba su zaɓi. Wanda zai jira ya jira, wanda yake son kuɗinsa ya yi magana ki mayar masa, ko da kaɗan-kaɗan ne, ko ki ba shi wani littafinki da ya kammala in ya yarda. Haƙƙin mutane ne, kuma da kin furta haka bakin masu cewa kin gudu ya mutu. Za ki sha mamakin ƙarancin waɗanda za su karɓa. Sannan daga wannan littafin, kar ki sake sayar da labarin da ba ki gama rubutawa ba. Ki rubuta a ranakun da jiki ya yi daɗi, ki tara, sai ya kai ƙarshe ki buɗe biya. Wanda ke hannunki yanzu ki mayar da shi sau biyu a mako, kuma kar ki ci gaba da saki sai kin tara shafukan da za su kai ki wata guda ko kina kwance. Ki samu mutum ɗaya mai amana, ƙanwa ko aminiya, ki ba ta admin, ta riƙa saki tana sanar da mutane in an ba ki gado.

Mai gyaran waya a Farm Centre, Kano:
Yaya sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ta ɓangaren Google da waya zan yi magana.

Abin da ya sa ɓarayin suka riga ki fitowa shi ne Google ba ya ganin abin da ke cikin guruf ɗin WhatsApp. Abin da ke buɗe ga kowa yake nunawa, su kuma su suka baza labarin a buɗe. Maganinsa ki sami wuri ɗaya tsayayye da kowa zai iya gani, Wattpad ɗinki ko shafinki na Facebook, kowane littafi ki sa masa cikakken suna haɗe da sunanki na rubutu, da ɗan bayanin labarin cikin layi huɗu ko biyar, da babukan farko, da hanyar da za a same ki. In sunan littafin yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, ki rubuta shi da lanƙwasa, a cikin bayanin kuma ki maimaita shi ba lanƙwasa, don yawancin mutane haka suke bugawa in suna nema. Wannan aikin sau ɗaya ake yinsa, yana nan yana jawo miki mutane ko kina asibiti. Ki kuma riƙa cusa sunanki a tsakiyar shafi, ba a sama kaɗai ba, mai kwafa ya fi saurin goge na sama. Google yana da fom na kai ƙarar satar fasaha, kyauta ne, za ki sa adireshin naki na asali da na wanda ya sata, in sun tabbatar su cire shi daga sakamakon bincike. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta tanadi a sauke abin da aka sata aka ɗora a intanet.

Batun riƙe mutane kuma, ki buɗe tashar WhatsApp, wato Channel, wadda suka fito da ita a 2023. Masu bin ki ba sa ganin lambarki, ba sa iya turo miki magana, ke kaɗai ke sanarwa. Layi biyu a mako ya isa a san kina nan. Guruf ɗin kuma in jiki ya motsa a rufe shi, admin kaɗai ke magana. In WhatsApp Business kike amfani da shi, akwai saƙon da ke amsa wa mutane da kansa in ba kya kusa. A Telegram in kika danne maɓallin turawa zai ba ki damar saita rana da lokacin da saƙo zai fita, shafin Facebook ma ana yin haka ta Meta Business Suite.

Hannun da ke ciwo kuma, tun ƙarshen 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da Gboard, wato allon buga rubutu na Google a waya, ke ji. Ki zaɓi Hausa, ki taɓa alamar makirfo, ki yi magana yana rubutawa. Yana kuskure, sai an bi an gyara, amma ya fi bugawa da yatsa sauƙi nesa ba kusa ba.

Na ƙarshe, kar ki bar rubutunki wuri ɗaya. OkadaBooks da marubutanmu da yawa suke sayar da littafi a kai ya rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Duk shafin da kika gama ki tura wa kanki ta imel ko ki ajiye a Google Drive.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci. Hajiya, na ji maganarki, ba zan ambaci sunan ciwon ba tukuna, amma zan daina fakewa da "uzuri". Yau zan rubuta musu cewa ina da lalura mai kwantar da ni, in ba su zaɓin jira ko karɓar kuɗi kamar yadda Mama ta ce. Ƙanwata ta yarda za ta riƙe guruf ɗin. Anti, ina da ganin likita mako mai zuwa, zan yi masa maganar. Malam mai waya, wayata ƙarama ce kuma ta kwana biyu, abin maganar nan zai yi a kanta? Kuma yana cin data sosai?

Mai gyaran waya a Farm Centre, Kano:
In Android ce ki shiga Play Store ki sabunta Gboard da manhajar Google, sannan ki ƙara Hausa a jerin harsuna. Yana buƙatar intanet a kunne, amma bai kai kallon bidiyo cin data ba. Ki gwada a ɗaki marar hayaniya, ki riƙa faɗin jimla ɗaya-ɗaya a hankali. In ya ƙi, ki ɗauki labarin da murya kawai ki tura wa ƙanwar taki ta buga, ke sai ki duba ki gyara in hannun ya saki.