Ƙanwata tana ajin ƙarshe: mu sayi fom ɗin jami'a yanzu ko mu jira sakamako?

Yayar Gida, Aboabo

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Ƙanwata tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Kumasi, ɓangaren kimiyya, kuma burinta likitanci a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan garin. Ga abin da ta samu a jarabawar gwaji: Turanci B3, Lissafin dole B2, Kimiyyar dole B2, Soshiyal A1, Bayoloji B2, Kemistiri B3, Fiziks C4, Lissafin zaɓi C5. Mun haɗa shida mafi kyau mun samu 13. Shin wannan zai kai ta? Mu sayi fom tun yanzu ne ko sai sakamakon WASSCE, jarabawar gama sakandare ta WAEC, ya fito? Kuɗin fom biyu kawai muke iya fitarwa. Sannan a takardun makaranta sunan mahaifinmu Mohammed ne, a Ghana Card ɗinta kuma Muhammad. Wannan zai kawo matsala? Allah ya saka da alheri.

Malamin Lissafi, Tafo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari mu fara gyara lissafin, don a nan gidaje da yawa suke ruɗin kansu.

Agrigeti, wato jimillar makin da jami'a ke dubawa, ba shida mafi kyau ba ne kawai. Darussan dole uku ake ɗauka, da na zaɓi uku. Ga ɗalibin kimiyya, na dolen su ne Turanci, Lissafi da Kimiyya. A1 maki 1 ne, B2 maki 2, a haka har C6 mai maki 6, kuma ƙarancin jimillar shi ne kyaunta. To ki duba: Turanci 3, Lissafi 2, Kimiyya 2, ya zama 7. Bayoloji 2, Kemistiri 3, Fiziks 4, ya zama 9. Jimilla 16, ba 13 ba. A1 ɗin Soshiyal ba ya shiga lissafin kos ɗin kimiyya. Amma kada ta yi wasa da shi, don Legon, wato Jami'ar Ghana da ke Akra, tana so ɗalibin kimiyya ya samu aƙalla C6 a Soshiyal ko da ba a ƙirga shi ba.

Game da likitanci, gaskiya ɗaya ce: a KNUST da Legon makin da ake yankewa yakan tsaya tsakanin 6 zuwa 8. Wato kusan A1 a komai. Abin da ake rubutawa a takardar sharuɗɗa cewa agrigeti 24 ya isa, wannan ƙofar shiga layi ce kawai, ba kujerar ba. Kowane kos yana da nasa makin, kuma yana motsawa kowace shekara gwargwadon yawan masu nema da yadda aka ci jarabawar.

Wannan ba yana nufin a karya mata gwiwa ba. Sakamakon gwaji ne, kuma malamai da yawa sukan tsananta wajen makinsa. A watannin da suka rage, wurin da za ta fi samun riba shi ne Fiziks da Kemistiri: daga C4 zuwa B2 maki biyu ne, daga B3 zuwa A1 wasu biyu. Ta nemi tambayoyin shekarun baya na aƙalla shekara goma, ta riƙa yinsu da agogo a gabanta, ba tana karanta amsa ba. Kuma kada ta raina aikin gwaji na ɗakin kimiyya, inda ake zubar da maki a banza saboda rashin rubuta ma'auni ko zana jadawali ba daidai ba. Turanci kuma shi ne ke kayar da yaranmu: D7 a Turanci ko Lissafin dole yana rufe ƙofar digiri gaba ɗaya, ko da sauran duk A1 ne.

A ja mata kunne kan waya. Wanda aka kama da waya a ɗakin jarabawa, WAEC takan soke masa sakamakon duka, ba darasi ɗaya ba.

Mai Kafe, Asawase

Yaya, a kan tambayar lokaci: jami'o'in gwamnati suna karɓar fom daga masu jiran sakamako. Za ta cike komai, ta sa lambar jarabawarta mai lamba goma da shekarar, in sakamako ya fito jami'ar ta ɗauko daga WAEC. Tun shekarar korona jadawalin karatu yake ta canzawa, kuma wani lokaci tazarar da ke tsakanin fitowar sakamako da rufe fom 'yan kwanaki ne. A kwanakin nan shafin yakan cushe, ya ƙi buɗewa, mutane su kwana a kafen intanet.

Da yake fom biyu ne ƙarfinku, ni a ganina ku sayi ɗaya yanzu, ku ajiye kuɗin ɗayan har sakamako ya fito, sai ku san inda ya dace.

Ana sayen bauca, wato katin shiga shafin cike fom, a bankunan da jami'ar ta lissafa, ko a Ghana Post, ko da MoMo (tura kuɗi ta waya) ta lambar da jami'ar ta sa a shafinta. Kuɗin yakan haura sidi 200. Za a ba ku siriyal da fin, wato lambar baucar da lambar sirri. Ku ɗauki hotonsu, ku kuma rubuta a littafi, don da su za ku riƙa shiga har ranar ɗauko takardar gurbi. Kada ku saya a hannun wanda ya turo talla ta WhatsApp.

Kurakuran da suka fi yawa ƙanana ne amma suna da tsada. Lamba ɗaya da aka juya a lambar jarabawa, sai jami'a ta ɗauko sakamakon wani ko ta rasa komai. Lambar waya da imel: a sa nata ko naki, layin da ba zai mutu ba. In yaron kafe ya sa lambarsa don sauri, saƙon kiran intabiyu ko na samun gurbi wurinsa zai je. Hoton fasfo ya zama sabo, bayansa da launin da jami'ar ta nema, fuska a fili. Da hijabi ba laifi muddin bai rufe fuskar ba. Kafin a danna turawa, ta karanta shafi-shafi da bakinta ke kuma kina duba takardun, don bayan an tura gyara yana da wuya. Sannan a buga kwafi biyu a ajiye.

Tsarin zaɓin kos ma yana da muhimmanci. Kwasa-kwasan da ake rububinsu, kamar likitanci, haɗa magunguna da lauya, galibi waɗanda suka sa su a zaɓin farko kawai ake dubawa. Don haka wanda ya jera likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya a fom ɗaya, zaɓi ɗaya ya yi, sauran ya ɓata su. Na farko ya zama burinta, na biyu wanda makinsa na bara ya yi daidai da abin da take samu, na ƙarshe kuma wanda ta wuce shi da maki uku ko huɗu. Jami'o'in suna fitar da makin bara, ku nema ku duba kafin ku cike.

Inna Malama, Sawaba

'Yata, maganar sunan nan ita ce ta fi damuna, don ita ce cutar 'yan Zango. Mohammed, Muhammad, Mahama. Abdul Rahman a rabe a wata takarda, a haɗe a wata. Yarinya Aishatu a takardar haihuwa, Ayisha a makaranta. Mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba.

A fom ɗin jami'a a rubuta sunan daidai yadda yake a rajistar WAEC, harafi da harafi, da jerin da aka bi. Jami'a da wannan sunan za ta ba ta gurbi, da shi kuma za ta rubuta takardar digiri. Gobe-goben nan ki je makarantar ki nemi ganin abin da aka shigar mata a rajistar: suna, ranar haihuwa, hoto da darussa. In akwai kuskure kuma ba a rufe gyara ba, a wurin hedimasta ake gyarawa cikin sauƙi. In satifiket ya riga ya fito, wahala ce mai tsawo. Bambancin da ke tsakanin WAEC da Ghana Card kuma ana warware shi da takardar rantsuwa daga kotu ko wurin kwamishinan rantsuwa, a buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, sannan a kai ofishin NIA, hukumar da ke ba da Ghana Card, a daidaita katin. Ku fara yanzu, don gazet ba ya fitowa rana ɗaya, kuma bashin ɗalibai na SLTF, asusun ba ɗalibai rance, da Ghana Card ake nemansa tun da aka cire sharaɗin mai tsayawa. Ku duba ranar haihuwa ma, ita ma takan saɓa.

Sai na ɗan saɓa wa ɗana Mai Kafe. Ajiye kuɗin fom na biyu har sakamako ya fito yana da kyau in jami'a za ku nema. Amma in tana son aikin asibiti da gaske, kwalejojin koyon jinya da ungozoma suna da fom nasu daban ta Ma'aikatar Lafiya, da lokacinsu daban, da intabiyu, kuma ba lallai su jira jadawalin jami'o'i ba. Ku sa ido a kan sanarwarsu tun yanzu, ku karanta ko sun yarda da masu jiran sakamako a wannan shekarar. Akwai ɗaya a nan kusa da asibitin Komfo Anokye, akwai ta Korle Bu a Akra. Haka kwalejojin horar da malamai: fom ɗaya ne na dukkansu, tun 2018 digiri na shekara huɗu suke bayarwa, kuma akwai Al-Faruq a Wenchi ga iyayen da suka fi natsuwa da makarantar Musulmi.

Kuma KNUST ba ita kaɗai ba ce. UDS a Tamale, UCC a Cape Coast da UHAS a Ho duk suna koyar da likitanci da sauran fannonin lafiya. Wadda ta yi digirin farko a fannin kimiyya da sakamako mai kyau tana iya shiga likitanci daga baya ta tsarin masu digiri, Legon tana da shi. Hanyar ta fi tsawo amma a buɗe take. In kuma darasi ɗaya ne ya ɓata lissafi, ta sake shi a Nov/Dec, jarabawar WAEC ta masu zaman kansu, ana haɗa sakamakon zama biyu.

Tsohon Ɗan Katanga

Salam Yaya. Ni zan taɓo abin da ke zuwa bayan an samu gurbi, don nan ne kuɗi ke tashi.

Takardar gurbi a shafin jami'a ake ɗauko ta. A cikinta akwai lambar ɗalibi, adadin kuɗi, bankunan da za a biya da ranar ƙarshe. Wanda ya wuce ranar yana iya rasa kujerar. A bankin da aka ambata kawai ake biya, da lambar ɗalibin a kan rasit. Duk wanda ya kira ki ya ce yana da hanya a ciki, a turo masa MoMo ya saka sunanta, ɓarawo ne. Ku kuma karanta da kyau ko gurbin na gama-gari ne ko na masu biyan cikakken kuɗi, domin wanda ya gaza makin da kaɗan akan ba shi na biyun, kuma kuɗinsa ya ninka na farkon. A fom akwai wurin da ake tambaya ko kun yarda da shi. Kada ku amsa e sai kun san aljihunku.

A 2025 gwamnati ta fara ɗaukar kuɗin karatun shekarar farko a makarantun gwamnati ta hannun SLTF. Kuɗin karatu ne kawai, ban da ɗaki da abinci, don haka ku tanadi naku a hannu, ku yi rajistar da zarar an buɗe.

Ɗaki shi ne babban yaƙi. Manyan hol shida ne a KNUST: Unity, Katanga, Republic, Queens, Independence da Africa, kuma gadajen ba sa isa. Ta intanet ake kama gado bayan an biya kuɗin makaranta, wanda ya riga shi ya samu, don haka a biya da wuri, ranar da za a buɗe kuma a zauna da data mai ƙarfi. Wanda ya rasa sai hostel a Ayeduase, Kotei ko Bomso, masu tsada sosai, kuma kuɗin shekara suke karɓa gaba ɗaya. Kada ku biya sai kun je kun ga ɗakin, kun duba ruwa da mita. Daga Aboabo tana iya zuwa daga gida da tiro-tiro, amma ku lissafa cunkoson Anloga Junction da lakcar safe da aikin ɗakin gwaji da ke kaiwa yamma.

Ranar rajista ta zo da takardar gurbi, rasit, takardar sakamako, takardar haihuwa, Ghana Card, katin inshorar lafiya na NHIS mai rai da hotunan fasfo, kowanne da kwafi. Akwai gwajin lafiya na dole. Ta nemi 'yan GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, a masallacin makaranta tun makon farko, su ne za su nuna mata ofisoshin da kuma inda ake samun tsofaffin littattafai.

Yayar Gida, Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Malam, na nuna mata lissafin 16 ɗin, ta yi shiru, amma ta ɗauko littafin Fiziks. Inna, ranar Litinin in sha Allah zan je makarantar. Tambaya ɗaya ta rage: takardar rantsuwar, ita za ta sa hannu ko mahaifinmu, tunda shekararta 17?

Inna Malama, Sawaba

Tunda ba ta kai 18 ba, mahaifinku ne zai rantse a madadinta. Ya tafi da Ghana Card ɗinsa, da nata, da takardar haihuwarta, da takardar BECE ta gama ƙaramar sakandare, don a ga yadda aka rubuta sunan tun farko.